Tahiru Ya Fita Sayen Gawayi

Tahiru mutumin wani ƙauye ne a gefen Tasawa, kuma bai taɓa niyyar zama a Tamanrasset ba. Libiya za shi. A shekarar 1991 ya hau kamiyo, babbar motar kaya, daga Arlit tare da samari irinsa, suka iso garin, aka ce su ɗan jira kafin a sami motar da za ta wuce da su. Motar ba ta samu ba sai bayan ya kama aikin leburan gini. Da ta samu kuma ya ce bari ya ƙarasa katangar da suka fara. Katanga ta ƙare, aka fara wata.

Gini bai karɓe shi ba. Siriri ne mai dogon wuya, buhun siminti ya kusa finsa nauyi. Wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, Alhaji Sa'idu, mai kantin atamfa da kayan yaji, ya hange shi wata rana yana tangaɗi ƙarƙashin buhu, ya kira shi ya tambayi sana'ar gidansu. Tahiru ya ce fawa. Alhaji ya ce to me ya haɗa ɗan mahauta da siminti? Ya ba shi rumfa a gefen kantin, da rabin tano, wato gangar ƙarfe, da aka ɗora wa raga, ya tsaya masa wurin masu raguna.

Larabawan garin da Abzinawa suna son gasasshen naman mutanen Nijar, har sun ɗauki sunan mai sana'ar sun laƙa wa naman. Mutum zai tsaya gaban Tahiru ya ce a yanka masa mainama, a sa yaji da yawa. Da farko abin yakan ɗan taɓa shi, daga baya ya saba da a riƙa sayensa ana ci da albasa.

Da rumfa ta kafu ya je gida ya auro Sauda, 'yar unguwarsu, mace mai ƙarancin magana da saurin hannu. Suka kama ɗaki a unguwar Gat-el-Wad, cikin wani gida mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Nan aka haifi Alheri. Yarinya ce mai surutu tun kafin bakinta ya buɗe sosai. Ba ta ƙyuya, kowa nata ne, takan bi mai tallan burodi har bakin titi tana ba shi labari.

Tana cikin shekara ta biyar abin ya faru. Da hantsi ne, Sauda tana dakan yaji, Tahiru ya ɗauki buhu zai fita. Alheri ta riƙe ƙafarsa ta ce sai ta bi shi. Ya ɓamɓare hannunta ya ce, "Zauna, gawayi zan sayo, yanzu zan dawo."

Hanyar masu gawayi ta bi ta inda leburori suke tsayuwa suna jiran aiki. Ran nan aka zo kamen baƙi. Takardun Tahiru suna aljihun rigar da Sauda ta jiƙa da safe. Ya yi bayani da Larabcin da yake sayar da nama da shi, amma Larabcin bai wuce farashi da gaisuwa ba. Aka sa shi a mota tare da sauran, aka yi kudu da su, aka sauke su a bakin iyaka. Buhun yana hannunsa. A Assamaka, garin bakin iyakar, ya zauna yana dakon kaya, buhun nan shi ne tabarma, shi ne bargo. Ya aika saƙo ta hannun wani direba, saƙon ya iso Tamanrasset bayan shi.

Sai da wata ya mutu wani ya kusa mutuwa sannan ya sami mai dawowa da shi. Da ya sauka bai wuce gida ba, ya fara biyawa ta wurin masu gawayi, tunda abin da ya fitar da shi ke nan. Ya yi sallama da buhu a ka. Sauda ta dubi buhun, ta dube shi, ta ce ya ajiye inda ya saba ajiyewa. Sannan ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta ɗora masa ruwan wanka.

Alheri ba ta rugo ba. Ta tsaya bayan randa tana kallonsa kamar wanda ya zo karɓar haya. Can ta tako a hankali ta kama gefen rigarsa. Tahiru ya ji daɗi, ya ce ashe ba ta manta shi ba. Bai san cewa ba ta da niyyar saki ba.

Haka aka shiga. Idan ya tashi ta tashi, idan ya zauna ta zauna a kan gefen rigar. Idan ya shiga bayi ta tsaya a ƙofa, shi kuma dole ya riƙa gyaran murya daga ciki don ta san bai fice ta sama ba. Idan ya shiga masallacin unguwa ta tsaya a waje rungume da takalmansa, don ta yi lissafin cewa mutum ba ya tafiya nesa ba takalmi. Kullum da safe cikinta yana ciwo. Abinci sai an yi da gaske. Idan babbar mota ta wuce a titi sai ta sandare, idanu waje. Surutun nan duk ya ɗauke, mai burodi ya gaishe ta ta ɓuya. Rumfar nama kuwa tare suke zuwa, Tahiru yana juya nama da hannu ɗaya, ɗayan yana tare ta daga garwashi.

Sauda ta ba shi labarin cewa tun ranar da ya ɓace yarinyar take zama a bakin ƙofa, kuma ba ta yarda a rufe ƙofar ko da ana sanyi.

Magani bai yi wuya ba, don a gidan haya kowa likita ne. Akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙarshe, Gwamma, mutuniyar Agadas, mai sayar da itatuwa da turaren wuta. Ita ta fara. Ta ce firgita ce ta shige ta, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta jiƙa tazargade aka yi wa yarinya wanka, aka yi mata hayaƙi har idanunta suka yi ja. Alheri ta fito tana ƙamshi, ta kama rigar ubanta. Malamin unguwa ya yi rubutu, ta shanye ta miƙa ƙwarya a ƙaro, don Sauda ta jefa sukari a ciki. Alhaji Sa'idu ya aiko da dabinon Abalessa da zuma da habbatus-sauda, ya ce a ba ta safe da yamma. Wani Ba'abzine da yake sayen nama kullum ya kawo nonon akuya da cuku daga danginsa na Tazruk, ya ce yaransu da shi suke tashi, shi ya sa ba sa tsoron duwatsu. Wani direba da yake bin hanyar In Amgel ya ce duk wannan aikin da ne, yanzu man kifi ake ba yara, na farmasi, yana gyara ƙwaƙwalwa. Tahiru ya sayo kwalba. Alheri ta sha cokali ɗaya ta mayar masa da shi a kan riga. Da yake ba a zubar da abin da aka saya, shi ya ƙarasa shanye kwalbar, ɗakin ya yi ta ƙarnin kifi a garin da ba kogi.

Ba za a ce ba a ga amfani ba. Dabino da zuma da nono sun yi aikinsu, kumatun Alheri suka ciko. Yanzu yarinya mai ƙiba ce take riƙe da rigar, shi ya sa duk rigunan Tahiru suka zama gefen hagu ya fi na dama tsawo.

Sai aka koma shawarar maza. A majalisar bakin kantin Alhaji aka ce shagwaɓa ce, shi ya ɓata ta. Wani ya ce tsumagiya ɗaya ta isa. Tahiru bai iya dukanta ba, sai ya ɗauki shawara ta biyu, wato ya riƙa sulalewa in hankalinta ya ɗauku. Wata safiya Sauda ta zaunar da ita tana mata kitso, ta juya mata baya ga ƙofa, shi kuma ya ɗauki takalmansa a hannu ya fice kamar ɓarawo. Bai daɗe da hura wuta a rumfa ba Gwamma ta iso tana haki, ta ce ya zo. Ya tarar da Alheri a bakin ƙofa, kitso rabi, ta yi amai, ta yi ihu har muryarta ta dushe, tana ta buɗe baki ba abin da yake fita. Da ta gan shi ba ta ko kama rigar ba. Tahiru ya tsuguna a gabanta. Ran nan naman ya ƙone a kan wuta, kuma bai tambayi yadda aka yi da shi ba.

Gwamma da kanta ta ce wannan ya wuce tazargade, su kai ta likita.

Suka je wani ƙaramin asibiti na unguwa, takardu a aljihu, Tahiru yana shafa su lokaci lokaci. Lokotoron, wato likitar, mace ce, Balarabiya daga arewa, sai wata ma'aikaciya Ba'abziniya mai jin Hausa tana fassara. Lokotoro ta duba cikin yarinya, ta ja fatar idonta ta leƙa, ta tambayi abin da ake ba ta. Sauda ta fara lissafi. Mai fassara ta bi ta har man kifi, sannan ta tsaya ta sha ruwa. Lokotoro ta ce dabino da nono abinci ne, a ci gaba, amma a daina ɗura wa yarinya duk abin da maƙwabci ya kawo. Ta ce jininta ya ɗan yi ƙasa, ta rubuta siro na ƙarin jini, ta kuma ce su sani wannan na jini ne, ba na tsoro ba ne. Tahiru ya tambaya ko shi tsoron da allura ake maganinsa. Aka ce babu allura.

Ta sa ya ba ta labarin tun daga fari, ta tambayi abin da ya faɗa wa yarinyar ranar da ya fita. Da aka fassara mata sai ta gyaɗa kai. Ta ce kada ya sake sulalewa, kada kuma ya sake ce mata yanzu zai dawo. Ya faɗa mata inda za shi, ya faɗa mata lokacin dawowa da abin da ta sani, kamar kiran salla, kuma ya dawo a lokacin. Ya fara da kusa, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali. Za ta yi kuka, a bar ta ta yi, uwar ta zauna kusa da ita, kada a yi mata dariya ko tsawa.

Sannan ta dube shi ta ce shi fa, yaya yake tun da ya dawo. Tahiru ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Sauda, wadda ba ta cika sa baki ba, ta ce wa mai fassara, "Gaya mata ba ya zama ya ba titi baya. In mota ta wuce shi yake fara zabura, yarinyar ta biyo baya."

Tahiru ya dubi matarsa. Bai san ta lura ba, shi kansa bai gama lura ba. Lokotoro ta ce to su biyu ne za su koyi abin tare. Da suka kusa gida ya ce siron ma da ɗan tsada.

Washegari aka fara. Tahiru ya sa hula, ya tsuguna ya ce wa Alheri zai je ƙofar gida ya dawo. Ya cire hannunta daga rigar, ta fasa kuka, ya taka har ƙofar gida, ya tsaya ya dubi titi, ya juyo ya yi sallama. Sauda ta amsa, ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi hanya, ta kawo masa ruwa. Ya sha. An jima ya sake sa hula. Da ƙofar gida ta daina sa kuka aka koma sandar lantarki ta bakin lungu, daga nan gidan burodi. Mutanen gidan suna zaune suna kallon magidanci yana sallama da iyalinsa, ya je ya taɓa sandar lantarki ya dawo a ba shi ruwa. Labari ya kai wa Alhaji Sa'idu cewa zafin ranar Assamaka ya taɓa kan Tahiru. Alhaji ya kira shi gefe ya tambaye shi a hankali ko yana barci sosai. Tahiru ya yi bayani. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya ce to Allah ya sa a dace, amma ya ƙara aiko da habbatus-sauda, ya ce wannan karon Tahiru ne zai sha.

Sauda ce ta gano abin da zai riƙe yarinyar in uban ya fita. Tana soya gyaɗa don yaji, sai ta miƙa mata faifai ta ce ta murje ta hure ɓawon. Alheri tana shesshekar kuka tana hurawa, to ba a haɗa kuka da hura gyaɗa, dole ɗaya ya bari. Tun daga nan duk fitar Tahiru sai an soya gyaɗa. Gidan ya tara yajin da ya ishi rumfa har bayan Salla.

Kafin sanyi ya wuce Tahiru yana zuwa rumfa shi kaɗai, ya dawo da kiran azahar ya nuna fuskarsa, ya koma. Masu saye suka san cewa da an kira salla mai nama zai bar su da wuƙa a kan teburi ya kama hanya, ko da ciniki ya kai rabi. Shi ma ya fara zama a kan bencin da ya ba titi baya, da gangan, yana jin motoci suna wucewa a bayan wuyansa. Ba ya daɗewa, amma yana zama.

Sai wata rana aka sake zuwa kame, a kasuwa wannan karon. Takardunsa suna jikinsa, amma ƙafafunsa ba su tsaya jin wannan ba. Ya tsinci kansa a cikin sito na Alhaji, bayan dilolin atamfa, tare da wasu samari biyu. Yana nan aka kira azahar, yana ji. Bai fito ba sai bayan la'asar.

Ya tarar da ita a bakin ƙofa, faifan gyaɗa a kife. Ta kama rigar da hannu biyu. Tahiru ya yi niyyar ya ce ciniki ne ya riƙe shi, sai ya fasa. Ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, cewa masu mota sun zo, ya ji tsoro ya ɓuya, shi ya sa ya makara. Sai ta yi tambayar da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, in suka sake ɗauke ka fa?"

Ya so ya ce ba za su sake ba, amma ba shi ke da motar ba. Ya ce, "In suka ɗauke ni, Innarki tana nan, Inna Gwamma tana nan, Alhaji yana nan. Zan aiko da saƙo, kuma zan dawo kamar wancan karon. Sai dai in daɗe."

Ta tambaya ko akwai ruwa a can. Ya ce kaɗan ne. Ta ce to ya riƙa tafiya da ruwa.

An koma baya bayan wannan, sai da aka sake ziyartar sandar lantarki na ɗan lokaci. Amma daga ranar Alheri ta ba kanta aiki. Kullum da safe takan tsaya a bakin ƙofa ta ce ya nuna takardu. Ya ciro daga jakar fatar da ya rataya a wuya, ta jujjuya su, ba ta iya karatu ba, ta mayar masa, ta miƙa masa gorar ruwa, sannan ta matsa ya wuce. Mutanen gidan suka sa mata suna dowan, wato masu binciken kaya a bakin iyaka. Ranar da ya manta gorar sai da ta sa Sauda ta bi shi da ita har rumfa.

Shekara ta zagayo ta shiga makarantar allo a bayan gidansu, ita kaɗai take zuwa. Surutu ya dawo, ko da yake ba kamar da ba. Ta tashi yarinya mai yawan tambaya, ba ta shiga wuri sai ta san ta ina ake fita, kuma cikinta yakan yi ciwo duk ranar da za a yi wani abu sabo. Sauda ta ce wannan kuma halinta ne, ba cuta ba.

Da yake kame bai ƙare a garin ba, yara irin Alheri ma ba su ƙare ba. Wasu iyayen sukan zo rumfa su sayi nama kaɗan, su tsaya suna kame-kame, can su tambayi abin da ya ba 'yarsa. Tahiru yakan faɗa musu duka, har da sandar lantarki, ya kuma kwatanta musu asibitin. Kaɗan suka gwada. Mafi yawa sukan gode masa su wuce wurin Gwamma, don nata maganin ana iya ƙunshe shi a takarda a kai gida. Gwamma takan sayar musu, ta kuma ce su koma su sake jin abin da mai nama ya ce.

A 2001 Sauda ta haifi namiji, aka sa masa Harisu. Tahiru ya shirya masa tun yana goye, ba ya fita sai ya yi masa sallama ya faɗi lokacin dawowa. Yaron bai taɓa ɗaga kai ya saurara ba. Da ya fara tafiya ya ɗauki garwashi da hannu don ya ga ko na rumfa da na gida ɗaya ne. Ya hau jakin mai ruwa ya tafi da shi har cikin busasshen kwarin da ya ratsa gari. Yana shekara shida ya faɗo daga katangar maƙwabta ya karya hannu, aka ɗaure, kafin a kwance ya koma ya hau da hannu ɗaya don ya ga abin da ya kayar da shi. Tahiru ya zagaya majalisa da gidan haya yana tambaya ko akwai abin da ake ba yaro ya ɗan ji tsoro. Ba wanda ya san ko ɗaya.

A 2008 mahaifinsa ya tsufa, aka aiko ya zo ya karɓi teburin fawa na gida. Ya sayar wa wani yaron Alhaji da rumfar, suka hau kamiyo suka yi kudu. A Tasawa yanzu yake, yana yanka ran kasuwa, sauran ranaku yana gasawa a bakin tasha. Mutanen garin suna cewa yajinsa ya cika gyaɗa, amma suna saye.